Laka a Hannun Yaro: Don Kada Fir'auna Ya Zama Ɗan'uwan Gizo



Wata Lahadi da dare, bayan an ci tuwo, muka zauna sujadar iyali kamar yadda muka saba. Karatun ranar daga Fitowa sura 5 ne, inda Fir'auna ya hana Isra'ilawa ciyawar da ake kwaɓa tubali da ita, ya kuma ce kada yawan tubalin ya ragu. Da muka rufe Littafin, ƙaramar 'yarmu, wadda ba ta wuce shekara 7 ba a lokacin, ta ɗaga hannu kamar tana aji ta ce, "Baba, tsakanin Fir'auna da Gizo wa ya fi mugunta?" Yayyenta suka fashe da dariya, mu ma muka yi. Amma bayan yara sun kwanta, tambayar ta hana mu barci. Yarinyar da gaske take. A cikin kanta, Fir'auna da Gizo gari ɗaya suke zaune, garin da ake shiga da "ga ta nan, ga ta nanku", a fita da "ƙurunƙus". Laifin kuwa namu ne. Mu muka ba ta labaran biyu da baki ɗaya, da murya ɗaya, a kan tabarma ɗaya, ba mu taɓa sa mata wani abu a hannu da zai raba su ba.

Ra'ayinmu ke nan a taƙaice: ya kamata kowane gidan Kirista ya riƙa koya wa yara tarihin tsofaffin daulolin nan, Masar da Babila da Assuriya da Farisa da Roma, ta hanyar aikin hannu. A kwaɓa laka, a kunna fitila, a auna tafiya da ƙafa. Kuma gida ne wurin wannan aiki, tun kafin makarantar Lahadi.

Me ya sa muka ɗauki abin da zafi? Domin mun ga ƙarshensa. Cikin shekarun hidimarmu mun zauna da matasa da dama da suka dawo hutu daga jami'a da sanyin jiki. Wani ya gamu da malami, wani da aboki, wani da bidiyo a wayarsa, an ce masa Littafi Mai Tsarki tatsuniyar Turawa ce. Sai ya duba cikin zuciyarsa don ya sami abin kare kansa, ya tarar da ayoyin hadda da waƙoƙin makarantar Lahadi, amma bai san ko Nineba tana da wuri a taswira ba. Ayoyin hadda suna da kyau ƙwarai, kada a daina. Sai dai bangaskiyarmu ta tsaya ne a kan abubuwan da suka faru a wurare masu suna, a zamanin sarakuna masu suna. Luka bai fara labarin haihuwar Yesu da "wata rana" ba, ya ambaci Kaisar Augustas da ƙidayar da ya umarta. Yaron da bai taɓa jin nauyin wannan gaskiya ba, ranar da aka ce masa ya zubar da tatsuniyoyin ƙuruciya, yana iya haɗawa da Musa da Daniyel ya zubar.

Hanyar ma ba tamu ba ce. Ubangiji ne ya fara koyarwa haka. Da Isra'ilawa suka haye Urdun, Joshuwa sura 4 ta nuna mana an ɗebo duwatsu 12 daga tsakiyar kogin an kafa, domin wata rana yara su gani su yi tambaya. A Idin Ƙetarewa, abinci marar yisti da ganyaye masu ɗaci suna gaban yaro, shi ne zai tambayi ma'anarsu, uban ya amsa. A Idin Bukkoki, iyali duka sukan fita su sari rassa su kafa bukka su zauna ciki kwana 7, don jikinsu ya tuna da zaman jeji. Maimaitawar Shari'a sura 6 ta ɗora nauyin a kan iyaye, a zaune a gida da kuma a kan hanya. Ubangiji Yesu ma da aka tambaye shi zancen haraji, sai ya ce a kawo masa dinari a gani. Ku lura da tsarin: abu a hannu tukuna, sai tambaya daga bakin yaro, sa'an nan amsa. Mu kuwa mun juya shi. Muna ba da amsoshin tambayoyin da yara ba su yi ba, muna mamakin yadda suke gyangyaɗi.

Ga wasu ayyuka da muka gwada a gidanmu. Babu wanda ya ci kuɗin kirki.

Tubalin Masar

Asabar ɗin da ta biyo bayan tambayar Gizo, muka tara yara a bayan gida. Muka ɗebo jar ƙasa, muka kwaɓa ta kashi biyu. Kashi ɗaya muka zuba masa busasshiyar ciyawa da aka daddatsa, ɗayan muka bar shi haka. Da gwangwanin kifi muka buga ƙananan tubala, muka jera a rana kwana 4. Waɗanda ba ciyawa suka tsattsage tun kafin su gama bushewa, da aka sake su daga tsayin ƙugu suka farfashe. Masu ciyawa suka fi jurewa. Duk maginin gargajiya a ƙasarmu ya san dalili: laka tana tsukewa in tana bushewa, zaren ciyawa ne yake riƙe ta.

Daga nan muka yi musu abin da Fir'auna ya yi. Muka ce kowa tubali 10 cikin minti 20. Zagaye na biyu muka ɓoye ciyawar, muka ce kowa ya je ya tsinto tasa, tubali 10 dai, minti 20 dai. Babu wanda ya kai 5. Babban ɗanmu ya miƙe yana share gumi ya ce, "Baba, ai wannan zalunci ne." Muka ce to, buɗe Fitowa sura 5 ka sake karanta mana. Muryarsa ta ranar ba irin ta daren Lahadi ba ce.

A nan ne za ku gaya musu cewa a wani kabari kusa da birnin Luksor na Masar, kabarin wani waziri mai suna Rekmire wanda ya yi hidima a ƙarni na 15 kafin haihuwar Almasihu, akwai zane a bango da yake nuna ma'aikata suna ɗebo ruwa, suna kwaɓa laka, suna buga tubali, ga mai tsaronsu zaune da sanda. Zanen bai ce Isra'ilawa ne ba, mu ma kada mu ce. Abin da ya nuna shi ne irin aikin da Fitowa ta kwatanta aiki ne da aka yi a ƙasar da gaske.

Allon yumɓu da hatimi

Daga Masar sai mu bi sawun Ibrahim baya zuwa inda ya fito, Ur ta Kaldiyawa, a kudancin ƙasar Iraƙi ta yau. A wannan yanki, tsakanin kogin Yufiretis da Taigiris, mutane suka fara rubutu wajen shekara ta 3200 kafin haihuwar Almasihu. Ba su da takarda. Ɗanyen yumɓu suke fyaɗawa kamar waina, su ɗauki kara mai kaifin baki su riƙa dannawa, kowace alama ta fito kamar kan ƙusa. Masu tona kufai sun sami allunan 'yan makaranta, rubutun malami a gefe ɗaya, na ɗalibi a bayansa yana kwaikwayo, har da kurakuransa. Yara suna jin daɗin wannan labari ƙwarai.

Ku nemi yumɓu wurin mai ginin tukwane, ko a bakin rafi. A fere karan dawa ko tsinken tsire ya yi baki mai kusurwa. Kowane yaro ya ƙirƙiro alama ɗaya don akuya, ɗaya don buhun hatsi, ɗaya don lamba 10, ya rubuta wa ƙanensa saƙo, a ga ko zai iya karantawa. Za su gane da kansu dalilin da ya sa marubuci babban mutum ne a fadar sarakunan dā. Ku nuna musu agogo kuma, ku ce minti 60 da ke cikin awa gadon lissafin mutanen nan ne, domin su da 60 suke ƙirga. Sa'an nan a buɗe Ezekiyel sura 4, inda Ubangiji ya sa annabin, yana zaman bauta a Babila, ya ɗauki tubali ya zana Urushalima a kansa. Yaron da yumɓu yake hannunsa zai ga annabin yana yin abin da shi ma yake yi.

Tun yumɓun bai bushe ba, a yi hatimi. A yanka dankali biyu, ko a sami guntun sabulu, babba ya taimaka a sassaƙa harafin farko na sunan yaro, a danna a kan yumɓu. Za su tarar harafin ya fito a juye, su sake dabara. Da wannan abu ɗaya labarai da yawa za su buɗe: zoben da Fir'auna ya sa wa Yusufu, hatimin da aka buga a bakin kogon zakoki, wanda aka buga a dutsen kabarin Yesu, da kuma maganar Bulus ga Afisawa cewa an hatimce masu bi da Ruhu Mai Tsarki. Hatimi yana cewa wannan abu yana da mai shi.

Nebukadnezzar ya sa an buga sunansa a kan tubala masu ɗimbin yawa na gine-ginen Babila. Ƙofar birnin da ya gina, mai shuɗin tubali, Jamusawa sun tono ta a farkon ƙarni na 20, yau tana gidan tarihi a Balin. Ku karanta Daniyel sura 4 tare da yara, ku ji yadda sarkin ya yi fariya da birninsa, sa'an nan ku tambaye su ina birnin yake yanzu. Kada ku amsa musu. Ku bar su su yi shiru kaɗan.

Ramin Hezekiya

Wannan ya fi daɗi in ana gini a unguwa, akwai tsibin yashi mai ɗanshi. A raba yara gida biyu, kowane gida a gefe ɗaya na ƙaramin tsibi, su haƙa da hannu har su haɗu a tsakiya, ba tare da leƙa juna ba. Hannu kawai zai shiga, kada a bar yaro ya cusa kai ko jiki. Sau da yawa sukan saɓa. Sai su koyi kiran juna, su bi sauti.

Ga labarin da ke bayansa. A shekara ta 701 kafin haihuwar Almasihu, Sennakerib sarkin Assuriya ya kawo wa Yahuza yaƙi. Littafin 2 Sarakuna sura 20 da 2 Tarihi sura 32 sun ce Hezekiya ya jawo ruwa zuwa cikin birni. Har yau akwai hanyar ruwa da aka fafe cikin dutse a ƙarƙashin Urushalima, tsawonta wajen mita 533, daga maɓuɓɓugar Gihon zuwa tafkin Siluwam, kuma yawancin masana suna danganta ta da zamaninsa. A 1880 aka ga rubutu a bangonta da tsohon Ibrananci, yana ba da labarin yadda masu fasa dutse suka taho daga ɓangare biyu, suka jiyo muryar juna, suka haɗu. Shi kuma Sennakerib ya bar nasa labarin a rubuce a kan yumɓu. Ya yi alfahari da cin biranen Yahuza 46, ya kwatanta Hezekiya da tsuntsun da aka rufe a keji. Amma bai ce ya ci Urushalima ba. Sarkin da ya saba rubuta nasarorinsa dalla-dalla, a nan bakinsa ya mutu. Ku bar yara su karanta 2 Sarakuna sura 19 su ga dalilin da Littafi ya bayar.

Fitila da mil ɗaya

Mu gangaro zamanin Romawa, zamanin da Ubangijinmu ya yi tafiya a duniya. Fitilun gida na lokacin ƙanana ne, na yumɓu, sukan zauna a tafin hannu, 'yan'uwan aci-balbal ɗin kakanninmu. Yaro ya gina ɗan kasko, ya matse bakinsa gefe ɗaya. In ya bushe a zuba man gyaɗa cokali 2, a murza auduga a yi lagwani. Ranar da aka ɗauke wuta, babba ya kunna, a zauna a kewaye ana duba agogo. Man zai ƙare suna kallo. Sai a karanta misalin 'yan mata 10 a Matiyu sura 25. Ba sai an yi dogon wa'azi ba, duhun da ya rufe ɗakin ya riga ya yi rabinsa.

Mil na Romawa kuwa taku 1,000 ne, kowane taku ɗaga ƙafa biyu, wato wajen mita 1,480. Sojan Roma yana iya tilasta wa talaka ya ɗaukar masa kaya, kamar yadda aka tilasta wa Saminu Bakurane ɗaukar gicciye. Ku cika jakar makaranta da littattafai daidai ƙarfin yaro, ku fita da yamma kuna ƙirga taku. In an kai mil, kowa ya gaji, sai ku gaya musu abin da Yesu ya koyar a Matiyu sura 5 game da wanda aka tilasta masa tafiyar mil ɗaya. Da muka yi wannan, ɗanmu na tsakiya ya dubi mahaifiyarsa ya ce, "Mama, wai a ƙara wani? Don mutumin da ya zalunce ni?" Tambayar da masu sauraron Yesu suka yi a zuciyarsu ke nan, kuma ba mu taɓa jin ta daga bakin yaron da yake zaune a benci ba.

Igiyar zamani

Wannan shi ne yake ɗaure sauran wuri ɗaya. A sami igiyar shanya mai tsawon mita 10. Kowace mita shekara 500 ce. Farkon igiya shekara ta 3000 kafin haihuwar Almasihu, haihuwarsa tana kan mita ta 6, ƙarshen igiya zamaninmu. A rubuta abubuwa a guntayen kwali a maƙala.

Babbar dalar Giza, wajen 2560, tana cikin mitar farko. Sarki Dawuda, wajen 1000, yana kan mita ta 4. Faɗuwar Urushalima a hannun Babila, 586, da cin Babila da Sairus na Farisa ya yi a 539, suna dab da mita ta 5. 'Yancin kan Nijeriya na 1960 kuwa yana can bakin igiya, bai kai tsawon tafin hannun babba daga ƙarshe ba. Yara za su gano da idonsu cewa dalar Giza ta riga ta haura shekara 1,000 kafin zamanin Musa. Ashe ba Isra'ilawa suka gina ta ba, ko da wasu finafinai sun nuna haka. Fitowa ma ba ta faɗa ba. Biranen ajiya ta ambata, Fitom da Ramases.

A kan wannan igiya ce Afirka take samun wurinta, wurin da sau da yawa mukan manta mu nuna. Tirhaka, wanda 2 Sarakuna sura 19 ta ambata a zamanin Hezekiya, sarkin Kush ne da ya mallaki Masar, dalar kabarinsa tana Nuri a ƙasar Sudan. Babban ma'ajin da Filibus ya yi wa baftisma a Ayyukan Manzanni sura 8 bawan Kandakatu ne, sarautar matan da suka yi mulki a Meroe, ita ma a Sudan. Ga kuma namu na kusa. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono sassaƙe-sassaƙen gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok a kudancin Kaduna. Daga 1943 Bernard Fagg ya bi diddiginsu, kuma ana iya ganin irinsu a gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952. Lokacin da Daniyel yake fadar Babila, masu fasahar Nok suna nan suna gina yumɓu da gwanintar da duniya take mamaki har yau. Ku maƙala kwalin Nok kusa da na Daniyel. Bulus ya gaya wa mutanen Atina cewa Allah ne ya yanka wa kowace al'umma zamaninta da iyakar mazauninta. Yaron da ya ga kwalayen nan biyu gefe da gefe ba zai yi saurin yarda cewa Allah ya fara sanin ƙasarmu ne ranar da jirgin Bature ya iso ba.

Abin da wasu iyaye za su ce

Mun san akwai masu damuwa, kuma damuwarsu ba ta banza ba ce. Wata uwa a ikkilisiya ta tare mu bayan sujada ta ce, "Baba Fasto, mutanen nan ai matsafa ne. Iyayenmu sun sha wuya kafin su rabu da gumaka, yanzu kuma mu kawo wa yara Masar da Babila har cikin gida?" Muka ce, Mama, kin yi tambaya mai kyau. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Amsarmu ita ce, Istifanas ya shaida cewa an koya wa Musa dukan ilimin Masarawa. Daniyel da abokansa sun yi shekara 3 suna koyon harshe da rubutun Kaldiyawa, sun fi kowa, duk da haka sun ƙi abincin sarki, abokansa kuma sun ƙi rusuna wa gunkin zinariya. Bulus ya zaga Atina yana duba wuraren sujadarsu, har ya karanta rubutun wani bagade ya fara wa'azinsa daga nan. Sanin abu daban, yi masa sujada daban. Mu dai a gidanmu mun ja layi: muna yin tubali, allo, fitila da hatimi, ba ma gina siffar wani allahn al'ummai. In yara sun ga hotonsu suka yi tambaya, mukan gaya musu gaskiya, cewa mutanen nan masu basira ne ƙwarai, suna neman Allah cikin duhu, kuma basira kaɗai ba ta kai su ba. Iyalin da lamirinsu bai kwanta da wani aiki ba, su bar shi su ɗauki wani. Kada kowa ya raina ɗan'uwansa a kan wannan.

Wasu kuma za su ce ina lokaci, ina kuɗi, ga tsadar rayuwa. Gaskiya ne, uban da ya fita tun asuba ya dawo bayan magariba ba ya neman ƙarin aiki. Amma ku sake duba kayan: ƙasa, ciyawa, kara, igiya, man gyaɗa cokali 2. Awa ɗaya a wata ta isa a fara. Mu yi wa kanmu adalci, mu lissafa awoyin da waya take ci a hannunmu da hannun yaranmu cikin mako guda.

Akwai kuma masu cewa ba su yi karatun tauhidi ba, yaro zai yi tambayar da za ta kunyata su. Zai yi kuwa. Mu da muka yi shekaru a makarantar tauhidi, yaranmu suna ɗaure mu da tambaya. In uba ya ce, "Bari mu bincika tare, ko mu tambayi fasto ranar Lahadi," ya koya wa ɗansa darasi mai tsada, cewa bangaskiya ba ta tsoron tambaya.

Gargaɗi ɗaya muke so mu ƙara, musamman ga matasa masu ƙwazo. Kada a yi wa Allah ƙarya don a kare shi. Ana yawo da hotuna a WhatsApp ana cewa an gano wannan, an tono wancan, ba tushe ba makama. Ku ɗauki misalin rubutun Sairus da aka tono a Babila a 1879, wanda yake gidan tarihi a Landan. Yana nuna sarkin ya mayar da gumakan wasu birane da mutanensu zuwa wurarensu. Bai ambaci Yahudawa ba. Ya dace da halin sarkin da Ezra sura 1 ta nuna, iyakar abin da za mu ce ke nan. Yaron da aka cika shi da ƙari, ranar da ya gano ƙari ɗaya zai yi shakkar sauran duka. Tubali da tsohon rubutu ba sa ba da ceto, ba sa kuma haifar da bangaskiya. Wannan aikin Ruhu ne ta wurin Maganar. Abin da suke yi shi ne su nuna wa yaro cewa Maganar ta sauka a ƙasa mai ƙura irin tamu.

Gare ku matasa

Yawancinku ba ku da 'ya'ya tukuna, amma kuna da ƙanne, kuna da 'ya'yan yayye da na maƙwabta. Yaro yakan kwaikwayi yayansa fiye da yadda yake sauraron fasto. Hutun makaranta mai zuwa, kowannenku ya zaɓi aiki ɗaya daga cikin waɗannan, ya karanta surar da kansa tun da wuri, ya nemi izinin iyaye, ya tara yara 3 ko 4 a tsakar gida. Ku bar su su ɓata hannu. Ku riƙe bakinku har sai sun yi tambaya. In kun dawo taron zumunta, ku zo mana da tubalan da suka fashe da waɗanda suka tsira, da tambayoyin da kuka kasa amsawa, mu duba su tare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tubali ɗaya daga na ranar Asabar ɗin nan yana nan a kan tagar ɗakinmu, gefensa ya ɗan gutsure. Kwanakin baya wata baƙuwa ta tambayi 'yarmu ko mene ne wannan. Ta ce irin wanda aka sa bayin Allah su yi ne a Masar, kafin Ubangiji ya ji kukansu. Ba ta ambaci Gizo ba.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai ne Ubangijin zamanai, kai kake naɗa sarakuna kake kuma tuɓe su. Ka gafarta mana inda muka bar 'ya'yanmu da labari ba tare da shaida ba. Ka ba iyaye ƙarfi bayan gajiyar yini, ka ba matasanmu zuciyar koyar da ƙannensu, ka tsare bakinmu daga ƙari. Bari yaran da suke kwaɓa laka a gidajenmu su san Maginin da ya siffata su. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.